Sunayen da Wuƙa Ta Raɗa

A yawancin ƙasashe, gwargwadon tsadar gidan abinci, gwargwadon nisan da yake sakawa tsakanin mai ci da murhu. A kai madafa can bayan bango, a tare ƙauri, abinci ya iso gabanka a shirye ba tare da ka ga wanda ya yi gumi a kansa ba. Gidan gashin nama na Koriyawa bai bi wannan hanya ba. Ko a Gangnam, unguwar masu hannu da shuni ta birnin Seoul, inda za a raka ka keɓaɓɓen ɗaki a ja ƙofa a rufe, teburin da za ka zauna a gabansa yana da rami a tsakiya. Ba ka gama gyara zama ba wani zai shigo riƙe da kaskon garwashi ja jawur, yana cewa a yi hattara, ya zura shi a ramin, ya ɗora ragar ƙarfe a kai. Hucin zai bugi fuskarka. Duk kuɗin da za ka kashe a daren nan, a bakin wuta za ka kashe su.

Abin da kuɗin suke kawarwa shi ne hayaƙi. A ƙananan gidaje na bayan layi, wani bututu ne yake saukowa daga rufi a kan kowane teburi yana zuƙe abin da ya iya, saura kuma ya bi tufafin jama'a zuwa gida, shi ya sa a wasu wuraren ake buɗe kujera a zuba riguna a cikinta kafin a fara ci. A babban gida kuwa ta ƙarƙashin teburi ake janye hayaƙin tun daga gefen raga, ka ga kitse yana ɗiga a kan garwashi amma iskar ɗakin garau. Gawayin ma zaɓaɓɓe ne, na wani itace mai tauri da suke kira chamnamu.

Sunan abincin kansa ba shi da ado. Gogi nama, gui gashi, an sami gogi-gui. Bulgogi, wanda ya fi kowanne suna a ƙasashen waje, naman wuta kawai yake nufi. Galbi haƙarƙari ne. Al'ummar da ta yi ƙarnuka malamanta suna rubuta waƙa da tarihi da haruffan Sin, da ta zo kan nama sai ta yi magana da bakin kasuwa. Dalilin haka ba ya fitowa fili sai an kawo farantin naman.

Kafin nan za a cika teburi da ƙananan kwanuka, banchan: kimchi na kabeji mai yaji da tsami, albasa a ruwan tsami, ganyen da aka turara aka yayyafa wa man riɗi, tafarnuwa yankakka, gishiri, kwandon ɗanyen ganye. Ba a sa su a lissafi, kuma wanda ya ƙare a ƙaro. Wannan al'ada ɗaya ce daga rumfar talaka har ɗakin attajiri, ban kuwa san wani karamcin gidan abinci da ya fi ta burge ni ba.

Sai a shigo da naman ɗanye a kan katako, kowane yanki da 'yar takarda mai ɗauke da sunansa. Kason mutum ɗaya bai cika wuce giram 150 ba, kuɗinsa kuwa zai ciyar da mutum sau da yawa a gidan abinci na kowa da kowa. Ba a jiƙa nama mai daraja a ruwan haɗi. Wanda aka jiƙa da ruwan waken suya da sukari da tafarnuwa sai daga baya ake kawo shi, don kada zaƙinsa ya toshe harshe. Yanzu saurari sunayen. Kkotdeungsim, furen gadon baya, saboda yadda farin kitse ya ratsa jan nama reshe-reshe. Chadolbagi, naman ƙirji mai dunƙulen kitse fari tas mai tauri, sunansa yana nufin wanda farin dutse ya kafe a cikinsa, ana yanka shi siriri har ya naɗe kansa. Buchaesal, naman mafici, daga kafaɗa, da jijiya a tsakiya da ƙananan rassa a gefe. Chimasal, naman siket. Jebichuri, wutsiyar tsattsewa, wani siririn yanki da ke bin ƙashin wuya. Tosisal ya samo sunansa daga hannun riga na sakawa da cirewa da ake zura wa dantse lokacin aiki ko sanyi, kuma abin da ake samu a jikin saniya guda bai kai kilo ɗaya ba. Anchangsal, daga tantanin da ya raba ƙirji da ciki, mafi yawa suna cewa an kira shi haka ne don yana da siffar shimfiɗar cikin takalmi. Hukuma a yau ta raba naman sa gida 10 manya, da ƙanana 39, kowanne da sunansa.

Takalmi, hannun riga, mafici, siket, tsuntsun da ke sheƙa a ƙarƙashin rufi, dutsen bakin rafi. Duk kayan tsakar gidan talaka ne. Wanda bai tura hannunsa cikin saniya ya zaro wannan yanki da ɗuminsa ba, ba zai taɓa ganin wutsiyar tsattsewa a jikinsa ba. Waɗannan sunaye daga idon mai wuƙa suka fito, mutumin da yake duban nama sau dubu har ya fara ganin kayan ɗakinsa a ciki. Attajirin da yake furta su a yau a ɗaki mai sanyi, yana maimaita maganar mutumin da kakanninsa ba za su yarda ya zauna a tabarma ɗaya da su ba.

Sunan wannan mutum baekjeong, kuma tarihin sunan ya cancanci a tsaya a kansa.

A zamanin daular Goryeo, wadda ta yi mulki daga 918 zuwa 1392, baekjeong na nufin talaka gama-gari, manomin da ba shi da wani muƙami. Addinin Buddha ne ke da ƙarfi a lokacin, yanka dabba abin ƙyama ne, cin nama ya ja baya har sai da Mongolawa suka mamaye ƙasar a ƙarni na 13 suka farfaɗo da shi. Akwai wasu jama'a masu yawo, ba su da gona, suna farauta, suna saƙa kwanduna, suna fiɗa, wasunsu suna wasanni a kasuwa. Ana kiransu da wasu sunaye na raini. A 1423 Sarki Sejong na daular Joseon, wanda daga baya ya ƙago wa Koriya haruffanta na Hangul, ya ba da umarni a daina kiransu da waɗancan sunaye, a kira su baekjeong kamar kowa, a ba su gonaki, a yi auratayya da su. Niyyarsa ya ɗaga su da suna. Talakawa suka ƙi. Da farko suka riƙa cewa sababbin baekjeong, don a bambanta. Daga baya suka tsame kansu daga sunan gaba ɗaya suka bar wa mahauta shi. Mu mukan ce suna linzami ne, to a nan dokin ne ya ja linzamin zuwa inda yake tsaye. Sarki ya ba da kalma mai tsabta, jama'a suka mayar da ita zagi, ta zauna a haka kusan shekara ɗari biyar.

Abin da sunan ya ɗauka ba kaɗan ba ne. Baekjeong a wajen gari yake zama. Ba ya sa hular gashin doki ta masu mutunci, sai ta gora. Ba ya sa siliki. Idan zai yi wa ɗan talaka magana, ko da yaron bai kai jikansa ba, da harshen girmamawa zai yi, yaron kuma ya amsa masa da harshen da ake yi wa bara. Idan ya mutu ba a ɗaukar gawarsa a makara mai ado irin ta kowa. Duk wannan yana faruwa ne alhali manyan gari suna son abin da hannunsa ya yanka. Sarakunan Joseon sun sha kafa dokar hana yanka shanu, don da su ake huɗa, amma ba a fasa ci ba. A fada ana gasa neobiani, nama mai faɗi da aka yanka siriri. A ƙarni na 18 masu faɗa a ji na babban birni suna da wani zama da suke yi a farkon sanyi, nallohoe, a kewaye kaskon wuta a gasa naman sa a ci da zafinsa. Teburin Gangnam mai rami jikan wannan zama ne. Ana ƙaunar naman, ana ƙyamar hannun da ya kawo shi.

A 1894 aka soke tsarin bayi da na ƙasƙantattu a doka. Bayan shekara huɗu, a 1898, wani mahauci mai suna Park Seong-chun ya hau mumbari a Jongno, tsakiyar Seoul, ya yi jawabi a gaban ministoci da dubban jama'a, abin da ba a taɓa mafarki ba. Ɗansa Park Seo-yang yana cikin mutum bakwai na farko da suka kammala karatun likitancin zamani a makarantar Severance a 1908. Uba ya riƙe wuƙa an raina shi, ɗa ya riƙe wuƙa an kira shi likita. Amma doka ba ta wanke zukata. A ƙarƙashin mulkin mallakar Japan ana sa wa mahauta alama a rajistar iyali, ana korar 'ya'yansu daga makarantu. A watan Afrilu na 1923, a garin Jinju da ke kudu, mahauta da wasu 'ya'yan manya masu tausayi, irin su Kang Sang-ho, suka kafa ƙungiya suka kira ta Hyeongpyeongsa, ƙungiyar daidaiton sikeli. Sun ɗauki sunan ne daga ma'aunin da suke auna nama da shi kullum. Wannan zaɓi yana taɓa ni ƙwarai. Ba su je aro a littattafan malamai ba. Sun ɗauki abin da ke rataye a rumfarsu, wanda duk mai saye yake zuba wa ido don kada a tauye shi, suka ce yadda kuke so a cika muku awo, haka muke so a cika mana. Manoma suka mayar da martani da ƙaurace wa sayen nama, kuma a 1925 aka far wa 'yan ƙungiyar a garin Yecheon.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan magana. Muna cin tsire da balangu da kilishi muna santi, kuma har gobe akwai gidajen da za su yi jinkirin ba ɗan mahauta 'yarsu, komai iliminsa da halinsa. Gaskiya ne namu bai kai nasu muni ba: mahauci a cikin gari yake zaune, yana da sarautarsa ta Sarkin Fawa, kuma a sahun salla kafaɗarsa tana gogar ta kowa. Amma saiwar ɗaya ce, kuma ba ta da hujja ko a can ko a nan.

A yau kalmar baekjeong tana rubuce da manyan haruffa a ƙofar wasu sanannun gidajen nama da suka fara da sunan Kang Ho-dong, tsohon ɗan kokawa da ya zama tauraron talabijin, kuma jama'a suna bin layi a ƙofarsu har a Los Angeles. A New York, gidan Cote da Simon Kim ya buɗe a 2017, wanda ya sami tauraron Michelin bai daɗe da buɗewa ba, babban abincinsa sunansa walimar mahauci. A Majang-dong, kasuwar nama mafi girma a Seoul, unguwar da a da mutane ba sa son a san suna aiki a cikinta, yanzu akwai gidan Born & Bred, inda ake kama wuri tun da sauran makonni. Manyan gidaje suna fito da mai yanka gaban gilashi, da farar riga da wuƙaƙensa a jere, mutane suna ɗaukarsa hoto. Ina ganin wannan ci gaba ne na gaske, kuma idan akwai alheri ɗaya da tsadar gidajen nan ta haifar, shi ne ta sa an kalli gwanintar wuƙa a matsayin ilimi. Sai dai kalmar ba ta gama warkewa ba. Har yanzu idan Bakoriye zai siffanta azzalumin da ya kashe rayuka da yawa, baekjeong ɗin mutane yake ce masa.

Ita kuwa dabbar, darajarta a rubuce take. Shanun ƙasar, jajaye marasa tozo, sunansu hanwoo. Kowace tana da lamba mai alƙaluma 12 da za ka sa a wayarka ka ga inda aka haife ta da inda aka yanka ta. Gidajen da suka amince da kansu sukan liƙa takardar shaidar a bango. Matakin nama yana farawa daga 3, ya hau 2, ya hau 1, sannan 1+, sannan 1++ da aka ƙara a 2004, wanda kowa yake kira tuppul. Babban abin da ake aunawa shi ne yawan kitsen da ya ratsa tsoka. Don a kai wannan mataki sai a tsare sa a garke kusan wata 30 ana ɗura masa hatsi, mafi yawansa daga ƙasashen waje. An yi ta sukar tsarin, har a 2019 aka sassauta adadin kitsen da ake buƙata. Ni ina tare da masu sukar. Loma biyu na farko na irin wannan nama abin mamaki ne, yana narkewa kafin haƙori ya same shi. Daga nan sai gundura ta fara. Yankunan da suka yi aiki a jikin dabbar, irin anchangsal da tosisal, masu duhun launi da ƙamshin jini, su suka fi faɗa maka cewa sa kake ci. Amma alamar ta zama harshen nuna arziki. A fim ɗin Parasite na Bong Joon-ho, wanda ya fito a 2019, matar attajiri ta sa a dafa wa ɗanta taliyar leda mafi araha a zuba mata naman hanwoo, kuma duk Bakoriyen da ya kalla ya gane abin da ake faɗa masa ba sai an yi bayani ba.

Kafin a fara auna kitsenta, saniyar nan 'yar gida ce. Iyali a harshensu sikgu ne, bakunan da ke ci tare. Manoman da kuma suna kiran sansu saenggu, baki mai rai, kalmar da ake kiran barorin gida da ita. A lokacin sanyi dafa masa harawa ake yi a babbar tukunya. Bayan yaƙin 1950 zuwa 1953, iyaye da yawa sun sayar da san huɗarsu don biyan kuɗin karatun ɗa, har aka yi wa jami'o'i laƙabi da ugoltap, hasumiyar ƙashin shanu. Chung Ju-yung, wanda ya kafa kamfanin Hyundai, yana saurayi ya ɗauke won 70 da mahaifinsa ya samu daga sayar da saniya ya gudu Seoul. Ƙauyensu ya faɗa ɓangaren Arewa da aka raba ƙasa. A 1998, yana da shekara tamanin da 'yan kai, ya kora shanu 1,001 a manyan motoci ya tsallaka da su iyakar Panmunjom, 500 a watan Yuni, 501 a watan Oktoba. Mutanen da ke da irin wannan tarihi da saniya, idan suka ce bari in saya maka hanwoo, ba maganar ɗanɗano kaɗai suke yi ba.

Musulmi yana da tambayarsa tun kafin ya zauna. Naman da talakan Koriya ya fi gasawa na alade ne, samgyeopsal, kuma giyar soju ce abokiyar tafiyarsa. Manyan gidajen hanwoo da yawa naman sa kaɗai suke sayarwa, amma yankan ba na Musulunci ba ne, kuma akan zuba giyar shinkafa a ruwan haɗi. Mai kiyaye addininsa yakan nufi Itaewon, kewayen babban masallacin Seoul da aka buɗe a 1976, inda ake samun bulgogi na halal. A 2023 ne aka fara fitar da hanwoo mai shaidar halal zuwa Malesiya.

Mu koma teburi, ga wuta tana jira. Kusa da ramin akwai awartaki da almakashi, kuma duk zaman yana rataye a kan tambaya ɗaya: wa zai ɗauke su? A gidan nama na kowa da kowa, masu ci su ne masu gashi. Idan ma'aikatan ofis suka fita cin abincin dare tare, abin da suke kira hoesik, ƙaramin cikinsu ne yake kama awartaki, yana juyawa yana yankawa yana tura wa manya gasasshe, shi kuwa sai abin da ya rage. Wani lokaci maigida ne zai karɓe, ya ce yau ni zan gasa muku, kuma kowa ya san abin da hakan yake nufi. Uwa tana gasawa tana ɗora wa 'ya'ya a kan shinkafa, ta ci ƙonannen gefe. Saurayi yana gasa wa budurwa, ita kuma tana karanta halinsa: yana da haƙuri ko yana ta juya nama kafin lokaci, yana lura da farantinta ko nasa kaɗai. Ba a furta ko ɗaya daga cikin waɗannan. Awartaki ne yake faɗa.

A gida mai tsada an ɗauke wa kowa wannan aiki. Ma'aikaci ko ma'aikaciya za ta tsaya a gefen teburi, ta shafa guntun kitse a raga, ta jira zafi ya kai inda take so, ta ɗora yanka biyu ko uku kawai, ta juya sau ɗaya, ta yanka, ta ajiye wa kowa nasa a gabansa, ta ce wannan da gishiri kaɗai za a fara. Gwaninta ce ta gaske. Nama mai kitse irin wannan daƙiƙu kaɗan ne tsakanin nunarsa da lalacewarsa, kuma wanda bai saba ba zai ƙona kuɗin yini guda yana cikin hira. Wasu gidajen ma sun ɗauke maka zaɓi: ka zauna a kawo maka abin da mai gida ya ga dama, bi da bi. Suna kiran wannan omakase, kalmar Japananci mai nufin na bar maka, kuma akwai masu kishin harshe da ba sa son jin bakin tsohon ɗan mulkin mallaka a kan naman ƙasa, suka ƙago matgimcharim a madadinta.

Na yaba da gwanintar, amma ina jin an yi asara. Idan baƙo yana tsaye a kanku, hira takan rage murya. Idan kowa an ajiye masa nasa daidai wa daida, babu wanda ya fifita wani a kan kansa, babu wanda ya tashi da bashin alheri. Har kiran ma ya canza. A ƙaramin gida, matashi zai ɗaga murya ya ce imo, wato ƙanwar uwa ko yayarta, inna ke nan, yana kiran matar da ke hidima. Ba sa cewa gomo, wadda ita ce gwaggo. Ɓangaren uwa suka zaɓa, inda ake shagwaɓa a roƙi ƙari ba kunya. Matar za ta zo tana faɗa, ta ƙwace awartakin ta ce kuna ƙona nama, ta ƙaro kimchi ba a tambaye ta ba. Da yawa daga cikin matan nan Koriyawan ƙasar Sin ne da suka zo ci-rani, suna tsaye tun rana har tsakar dare, kuma kiransu inna bai ƙara musu albashi ba. Duk da haka kira ne da yake yarda cewa mutum ne a gabanka. A ɗakin Gangnam ba ka kiran kowa da komai. Kana ɗaga ido an riga an zo.

Ba mamaki irin wannan ɗaki ya zama wurin ƙulla harka. Da dokar hana toshiya da ake kira dokar Kim Young-ran ta fara aiki a 2016, ta kayyade abincin da za a saya wa jami'in gwamnati ko malamin makaranta ko ɗan jarida a kan won 30,000, masu kiwon hanwoo da masu gidajen nama suna cikin waɗanda suka fi kokawa. A 2024 aka ɗaga zuwa won 50,000, wanda har yanzu da wuya ya sayi kaso ɗaya a irin ɗakin da nake magana.

Abu ɗaya ya rage a hannun mai ci, shi ne ssam, ƙunshi. Ka shimfiɗa ganyen latas a tafin hannu, ko ganyen kkaennip mai ƙamshi mai kaifi, ko duka biyun. Ka ɗora nama, ka lakato ssamjang, haɗin daddawar waken suya da ta barkono, ka sa ɓarin tafarnuwa, ka tattara bakin ganyen. Loma ɗaya ake yi masa, ba a gutsura, ko da kumatu za su cika. A daren cikar wata na farkon shekararsu ana cin irinsa a kira shi bokssam, ƙunshin sa'a. Kuma akan ƙunsa wa wani. Ɗa ya ƙunsa wa tsohuwarsa, mata ta ƙunsa wa mijin da hannunsa ke kan awartaki bai sami damar ci ba, ta miƙa masa har baki. Ma'aikaciya, komai ƙwarewarta, ba ta yin wannan. Idan ka ga teburi a gida mai tsada inda aka ci aka tashi babu wanda ya ƙunsa wa wani, yawanci taron kasuwanci ne.

Bayan an cinye naman duka, an canza raga sau da yawa, garwashi ya fara yin toka, ma'aikaciya za ta sunkuya ta tambaya me za a kawo na siksa. Siksa ita ce cin abinci. Baƙo yakan yi turus, don a ganinsa abinci ya gama ci. A wurinsu duk abin da ya wuce nama ne, abinci sai yanzu: shinkafa da miyar daddawar waken suya mai tafasa a tukunyar ƙasa, ko naengmyeon, siririyar taliya a cikin romo mai sanyi ƙarara, abincin mutanen Pyongyang da gidaje irin Woo Lae Oak, wanda aka buɗe a Seoul a 1946, suka zaunar da shi a Kudu. Wanda ya tashi a gidan da za a ci nama a ƙoshi sannan a ce yau ba a ɗora tuwo ba, zai gane wannan nan take. Bap a harshensu dafaffiyar shinkafa ce, ita ce kuma abinci gaba ɗaya, kuma ka ci bap? gaisuwa ce. A 1962 shugaban Koriya ta Arewa, Kim Il-sung, ya yi wa mutanensa alkawarin farar shinkafa da romon nama, a matsayin ƙarshen buri. A Kudu, a 1970 mutum ɗaya yana cin shinkafa fiye da kilo 136 a shekara, nama kuwa kilo 5 da 'yan kai. A 2022 shinkafar ta sauko kilo 56.7, kuma a karon farko nama ya zarce ta. Harshe bai bi ma'auni ba tukuna. Har a gidan da aka gina kacokan don nama, shinkafa ce take riƙe da sunan abinci.

Miyar da ake kawowa da shinkafar ita ce mafi araha a takardar gidan, wasu ma kyauta suke ba da ita. Idan ka juya cokali a cikinta za ka taras da nama. Guntayen da suka rage a kan katakon mahauci ne bayan ya fitar da fure da mafici da wutsiyar tsattsewa, gefe-gefen da ba su yi kyan da za a jera a faranti ba, ba su da 'yar takarda, ba su da suna. Daga saniya ɗaya suka fito da wanda aka biya dubbai a kansa, kuma Koriyawa da yawa da wannan miya suke yanke wa gida hukunci, ko za su sake dawowa ko ba za su dawo ba.